Mahasin Mai Ƙunshi da Gem ɗin Yayanta

Duk matar da ta taɓa miƙa wa Mahasin ƙafa ta san ba a jan ta da hira idan ta sunkuya. Za ta ɗora ƙafarki a cinyarta, ta huda bakin ledar lalle da allura, daga nan kuma sai dai ki yi surutunki da bango. Ni da bakina ba ya rufuwa, na sha wuya da ita a farkon saninmu, har na ɗauka girman kai ne. Daga baya na gane haka Allah ya yi ta. Kuma maganar gaskiya, duk faɗin Alƙahira ban ga mai zanen lalle irin nata ba.

Bahaushiyar Sudan ce, haifaffiyar garin Madani, doguwa, ta doshi arba'in, kullum cikin laffaya mai duhu. Kakanta Malam Jibrin ya taso daga ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a yankin Jazira na Sudan, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara na gaba. Nan ya yi aure, ya hayayyafa, ya tsufa yana cewa sai baɗi. Har ya koma ga Allah ba a kira shi Alhaji ba. Hausar Mahasin irin ta tsofaffi ce, ga Larabcin Sudan a gauraye. Ni Ummul-Khairi mutuniyar Damagaram, akwai kalmomin da rabona da su tun bakin kakata, sai a bakinta na sake jin su.

Yaƙi ne ya kawo ta Masar, ita da 'yarta Hadeel. Uban yarinyar ya daɗe da sakin uwar ya yi Libiya, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Suna zaune a unguwar Ard al-Liwa, ciki da falo can saman bene, a wani lungu da tuktuk, babur mai ƙafa uku, ma sai ya yi dabara yake shiga. Daga can take haɗa ƙaramar bas da metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta zo mana unguwarmu Hay el-Sabi' duk lokacin da aka yi biki ko salla ta gabato.

Babbar damuwar Mahasin Hadeel ce. Yarinya ce 'yar shekara goma sha shida, mai kai, kuma ba bebiya ba ce: ki ji ta a waya da ƙawayenta tana zuba Larabcin Masar kamar a nan aka yanke mata cibiya. Amma tsakaninta da uwarta sai tamam, wato to, sai ma'alish, wato yi haƙuri, sai gyaɗa kai. Hausa kuwa ta ajiye ta gaba ɗaya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mahasin tana da yaya, Hussain, mai gyaran injin ban-ruwa, shi ya riƙe Hadeel tun tana goye, shi ne uban da ta sani. Da za su fito daga Madani ya ce su yi gaba, zai tsare gida ya ga yadda hali zai yi, ya biyo su. Bayan 'yan watanni zazzaɓi ya kama shi a lokacin da babu magani a garin, wani maƙwabci ya bugo waya ya ce sai haƙuri.

Mahasin ta yi abin da aka tarbiyyantar da ita a kai, ta daure. Ta karɓi gaisuwa ido a bushe, aka share makoki ta ɗauki jakar lallenta ta fita aiki. Duk sanda Hadeel ta tayar da maganar sai ta ce, "Khalas, ya isa, yi masa addu'a." Yarinya ta tambaya ta sake tambaya, ta gaji ta bari. Da ta bar wannan tambayar, sai ta bar sauran maganar ma. Wata rana Mahasin tana wanke hannu a gidana ta ce mini, ba tare da ta ɗago ba, "Ummul-Khairi, baƙuwa nake ciyarwa a gidana. Ranar da ta gama makaranta za ta tafi, kuma ba za ta waiwayo ba." Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

To ga yadda gem ya shigo maganar. Maigidana Abdulnasir ɗan kasuwa ne, yana tura kaya Maraɗi da Yamai, jallabiyoyi da turare da kayan lantarki. Idan wani ya yi odar na'urar gem sai ya ce dole ya gwada ta kafin ya saka a kwali, gwajin nan kuwa ba ya ƙarewa da wuri. Ni dai a wurina ɓata lokaci ne tsagwaronsa. Ƙato da furfura a gemu ya zauna yana latse-latse yana cije leɓe, ban taɓa ganin ranar abin ba, kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

Ana gobe jajiberin babbar salla, da la'asar, Mahasin tana zana mini ƙafa a ɗaki, Abdulnasir yana gwajinsa a falo. Sai wani kiɗa mai kama da busar sarewa ya taso daga talabijin. Hannun Mahasin ya zame, layi ya ratsa mini idon sawu. Tunda nake da ita ban taɓa ganin ta kuskure ba. Ba ta ko ce ma'alish ba, ta sauke ƙafata ta miƙe da ledar lallen a hannu, ta je ta tsaya a bakin ƙofar falo. Matar da gaisuwa ma daga nesa take yi wa maigidana, ita ce ta tambaye shi ko a cikin wasan nan akwai wani mutum mai doguwar sanda da malafa. Ya ce akwai.

Ranar na ji labarin da ban taɓa zata ba. Tana 'yar budurwa wani ɗan'uwansu da ke aiki a Jidda ya kawo musu tsohuwar na'urar gem da faifai guda ɗaya tal. Ba na ƙwallo ba ne, ba na tseren mota ba. Irin mai labarin nan ne, wanda za ka ja mutum huɗu daga gari zuwa gari, su yi magana da mutane, su yi faɗa da dodanni, su ƙara ƙarfi, su wuce gaba. Rubutun duk da Turanci yake, su kuwa ba su san ko ƙala ba. Sai suka raba aiki: Hussain ya riƙe hannun gem, abin latsawa, Mahasin ta zama mai karatu. Duk sanda rubutu ya fito ita za ta faɗi abin da mutanen suke cewa, da Hausa, daga kanta. Yarinyar da ake yi wa tsiya a gida wai ba ta da baki, a gaban talabijin ɗin nan sai ta yini tana zuba. Da suka ga mutum huɗu da ƙunshin kaya a baya suna ta nausawa gabas a ƙafa, ba su yi wata-wata ba suka ce mahajjata ne. Mai sandar kuwa suka sa masa Jibrin. Da farko ba su da memorin da ke ajiye inda aka tsaya, da an ɗauke wuta sai su koma farko, har suka haddace hanya. Ba su taɓa kai ƙarshen wasan ba.

Abdulnasir ya samu wanda zai yi wa bayani, ai sai ya gyara zama. Ya ce wasan dai shi ne, sabunta shi aka yi. An sake zana hotunan, an sa wa mutanen murya, yana ajiye inda aka tsaya da kansa ko an ɗauke wuta, akwai maɓallin da ke sa tafiya ta yi sauri, sannan an fassara shi da Larabci. Ya miƙa mata hannun gem ɗin. Ba ta karɓa ba.

"Yanzu an rubuta abin da suke faɗa, kowa ya karanta?"

Ya ce tsaf kuwa.

"To ba na so."

Ta dawo ta gyara mini layin da ya ɓaci, ta mai da shi reshe. Na matsa mata da tambaya, kamar yadda na saba, sai ta ce labarin nan shi kaɗai ya rage mata na Hussain. Gida ya tafi, hotuna sun tafi. Ba ta son wani rubutu ya zo ya ce mata duk ƙarya suka shirya.

Ni kuwa tunanina yana kan Hadeel, yarinyar da ba ta raba ido da waya. Ban san me zai faru ba, na dai ga gidan nan yana bukatar wata ƙara ko ta mece ce. Bayan salla na ce wa Abdulnasir a ba su aron na'urar. Ya fara ƙunƙuni wai mai kaya yana jira a Maraɗi. Na ce ai ya saba da jira tun da aka fara gwaji. Na naɗe ta a zani na saka a jaka, na kai Ard al-Liwa da kaina. Mahasin ta yi godiya irin ta wanda aka kawo wa aiki, ta ɗora ta a kan wadrob, ta bar ta nan tana shan ƙura.

Hadeel ce ta sauko da ita, wata rana uwar ta fita aiki zaman kaɗaici ya ishe ta. Mahasin ta dawo ta tarar da yarinya ta ƙura wa talabijin ido, mutum huɗun nan suna ƙetare kogi a bayan wani ƙaton kunkuru, ga mai fito mai ido ɗaya yana tuƙi. Ashe tun Hadeel tana ƙarama Hussain yake ba ta labarin tafiyar Kaka Jibrin, ya haɗa na gaskiya da na gem ya dama. A cikin labarinsa kakan ya ƙetare kogi a bayan kunkuru, ya biya mai fito da gishiri, ya kwana a garin da mutanensa ke zama cikin tuluna. Hadeel ta girma tana ɗauka tarihin gidansu ne da kawu ya ɗan ƙara wa gishiri. Ta juyo ta ce wa uwarta da Larabci, "Mama, wannan kunkurun ai na Kaka Jibrin ne. Me yake yi a nan?" Mahasin ta ce mini rabon da ta ji jimla mai tsawon wannan daga bakin 'yarta har ta manta. Dariya ta kama ta, ta zame ta zauna a ƙasa da jakarta a kafaɗa.

Daga nan suka ɗora. Idan Hadeel ta dawo makaranta, uwar kuma ba ta da aiki, sai su zauna, yarinya da hannun gem, uwa a gefe tana kwaɓa lalle tana mita. Mita kuwa ta sha. A tsohon wasan fuskar Jibrin 'yan ɗige-ɗige ce, sai suka liƙa masa fuskar kakansu. A sabon ga shi saurayi sumul mai farin gashi da ɗan kunne, da murya irin ta masu tallan sabulu a rediyo. Mutanen ba Makka za su ba, wani dutse suke nema su karya sarkin aljanu. Gishirin ma ba gishiri ba ne, garin magani ne. Hadeel ta karanta rubutu da ƙarfi, uwar ta ce, "A namu ba haka ya ce ba, cewa ya yi ƙafarsa ta kumbura a nemo masa man kaɗe." Yarinya ta tuntsire. Amma ko Mahasin ta yarda kogin ya yi kyau, har kifi ake gani a ciki, kuma da aka ɗauke wuta aka dawo ta ga ba su koma farko ba, ta ce wanda ya ƙirƙiro wannan Allah ya yi masa albarka.

Na leƙa su wata rana na tambaye ta, yanzu tsakani da Allah wasan nan ya cancanci babba ya zauna masa? Ta ce wanda bai san tsohon ba zai ce tafiyar ta yi nawa, wanda ya san shi kuma zai ce an taɓa masa kaya, sai dai ita yanzu tana gaggawar dawowa gida. Na yi murna, amma ban saki jiki ba, domin na lura da abu biyu. Hirar duk ta gem ce, da an kashe talabijin shirun yake dawowa. Sannan sunan Hussain bai taɓa fitowa ba, kullum sai dai a namu, a namu.

Da za ta raka ni bakin bene ta ce mini sun kusa wurin da ta fi so. Akwai wani gari a bakin ruwa inda Jibrin yake zama a gindin bishiya, sauran su kewaye shi, a yi doguwar magana, sannan ukun su wuce su bar shi. A karatunta na da, guzuri ne ya ƙare masa, ya ce su je, shi zai yi noma ya tara ya biyo su. In ka koma garin ma za ka ga gonarsa kore shar, ya kafa sandarsa a tsakiya ya rataya malafa don korar tsuntsaye. Da na koma gida na ba Abdulnasir labari ina dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce mutumin nan rauni ya ji a faɗan da ya gabata, a wurin yake mutuwa, sandar kuma a kan kabarinsa take.

Hankalina ya tashi. Na yi tunanin in je in karɓo na'urar in ce mai kaya ya matsa. Na yi tunanin in bugo wa Mahasin in gaya mata ta shirya. Na ga duk wanda na yi, ni ce na kai musu abin, ni ce kuma zan tsinke shi a tsakiya. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na ƙulla kilishin da aka aiko mana daga gida na tafi, wai na kawo musu tsaraba. Na tarar sun shiga garin bakin ruwa.

Na zauna a bakin katifa. Mai sanda ya jingina da bishiya, kuma a wannan sabon zanen babu abin da ya ɓuya, ga jini a rigarsa. Rubutu ya riƙa fitowa da Larabci. Hadeel ta fara karantawa da ƙarfi kamar kullum, muryarta ta yi ƙasa, ta yi shiru. Mahasin ta ajiye kwanon lalle, ita ma tana bin rubutun da ido. Aka nuna ukun suna tara ƙasa, ɗaya ya kafa sandar, ya ɗora malafar a kai. Koren da suke kira gona ciyawa ce da furanni.

Hadeel ce ta fara magana, kuma da Hausa, Hausar da ta yi tsatsa.

"Kawu ya ce noma ya tsaya yi."

"Haka muka gani," in ji Mahasin a hankali. "A unguwarmu kowa kakansa tsayawa ya yi a hanya. Mu ba mu san wata tsayawar ba. Duk nisan da muka yi sai Hussain ya ce mu koma mu duba ko ya girbe."

Yarinyar ta ajiye hannun gem a ƙasa.

"Shi ma cewa ya yi zai biyo mu."

Na dubi Mahasin na ga bakinta ya haɗa khalas ɗin nan da ta saba rufe magana da shi. Da ni da ita ne kawai da na toshe mata baki da hannuna, amma wannan ba hurumina ba ne. Ta buɗe baki, ta rufe, ta kama gefen laffayarta ta murɗe.

"Inna, wa ya wanke shi?"

Mahasin ta ce Isam ne, maƙwabcinsu mai gidan burodi, shi da limamin unguwa. Ta ce ba a iya kaiwa maƙabarta a lokacin ba, a bayan masallaci aka sa shi, kusa da bishiyar dalbejiya. Ta ce bai daɗe yana jinya ba, kuma ba shi kaɗai ba ne, matar Isam tana kai masa kunu. Muryarta ta fara karyewa amma ta ci gaba. Ta ce da Isam ya shiga rufe gidan, ya tarar da keken Hadeel a rataye a bango don kada tayoyin su lalace, an shafa wa sarƙar mai, an lulluɓe shi da buhu.

"Tun ranar da aka bugo waya na san wannan," ta ce. "Na kasa gaya miki. Na san in na buɗe baki ba zan iya rufewa ba."

"To kar ki rufe," in ji Hadeel.

Ta ja jiki ta matsa har kafaɗarsu ta haɗu. A nan na ga Mahasin ta yi kukan da ba ta yi ranar makoki ba, 'yarta tana riƙe da hannunta mai baƙin lalle. Ni ma hawaye nake, na farin ciki da na tausayi a haɗe. Na miƙe na ce bari in ɗora shayi, ba wanda ya ji ni.

Kicin ɗin nasu ɗan mitsitsi ne, labule kawai ya raba shi da falo. Ina tsaye ina jin Hadeel tana jero tambayoyi, rabi Hausa rabi Larabci: me kawu yake ci a kwanakin nan, ya tambaye ta, da yana yaro ya iya faɗa, wa ya koya masa gyaran inji. Uwar tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, wani wurin da kuka, wani wurin har da 'yar dariya, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Shayi ya tafasa, na rage wuta. Ya sake tafasa, na kashe, na jawo bokiti na kife na zauna a kai, domin Hadeel ta sake jefo wata tambayar kuma Mahasin ta fara amsawa.